Kwana 38 ina jiran tanki ya nuna, kifi biyu na zaune a roba

Aikina haɗa sola da inbata ne a nan Jos, kuma ta dalilin aikin ne ma na fara ganin tankin kifin teku ido da ido, a gidan wani Alhaji a Gwarinpa can Abuja da na je na yi wa aiki shekara biyu da suka wuce. Wallahi ranar na fi minti talatin a tsaye gaban gilashin nan da filaya a hannu, wasu kifaye biyu ruwan lemo masu farar ɗamara uku uku suna ta rangaji a cikin ruwa, irin waɗanda yara suka sani a katun ɗin nan, kilawun ake ce musu. Tun daga nan zumunci ya ƙullu tsakanina da Alhajin, duk tambayar da na tura masa a WhatsApp sai ya amsa, wani lokacin ma da saƙon murya na minti biyar.

Toh Disambar da ta wuce nace bari dai in haɗa nawa. Mai gilashi ya yanka min tanki na lita 120, na yi odar sauran kayan daga Legas, yashin aragonait, busassun duwatsun murjani, hita mai wat 100, famfon juya ruwa, kwalaben gwajin ruwa na kamfanin API, da gishirin teku kilo 10. Gishirin nan ba irin na miya bane, akwai kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran da ke riƙe ruwa daidai da na teku, in ka zuba na kicin ruwan zartsi kawai ka haɗa ba teku ba. Ruwa kuma ban yarda da na rijiyarmu ba, garin kuza muke, ba ka san abin da ƙasa ta jiƙa a ciki ba, na famfo kuma akwai kulorin. Sai na je wani gidan fiya wata da ke da injin tacewa na RO ina sayen jarka jarka mai lita 25, ina auna ta da ɗan ma'aunin nan na TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, kafin in biya. Kowace jarka giram 900 na gishiri take ci kafin rifiraktomita, wato ma'aunin gishirin ruwa, ta nuna 1.025, wato wajen giram 36 a lita ɗaya. Bayan yashi da dutse sun ci nasu wurin, jarka huɗu ce ta cika tankin.

Washegari ruwa ya kwanta garau kamar ka ɗiba ka sha, na ɗauki hoto na tura wa Alhaji nace ranka ya daɗe ga gida an gama, saura masu gida. Ya kira ni nan take. Yace Malam, wannan ruwan da kake gani matacce ne, ba kifi za ka fara kiwo ba, bakteriya za ka fara kiwo, in sun cika gidan sannan kifi ya zo ya same su.

Abin da yake nufi shi ne, kifi kullum yana fitar da amoniya, ta wurin numfashinsa na gefen kai da kuma kashinsa, ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take komawa, kuma guba ce. A teku ruwa na da yawa babu damuwa, a akwatin gilashi kuwa ba inda za ta je. Akwai wasu bakteriya da amoniya ce abincinsu, su mai da ita naitirait, ita ma guba ce, sai wasu daban su ci naitirait ɗin su mai da ita naitiret, wadda ita da sauƙi, canjin ruwa ke rage ta. Kuma ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin dutse da yashi da soson filta, sai ƙarin matsala, ba sa saurin hayayyafa irin sauran bakteriya, wasu a minti 20 sun ninka, su kuwa sai su kusa kwana guda ko fiye kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa ake cewa sati huɗu zuwa shida. A da mutane kan jefa wani kifi mai taurin rai a sabon tanki don kashinsa ya ciyar da su, ya sha azaba ko ya mutu, ni dai tun farko nace ba zan yi haka da rai ba. Na zuba amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan, na juye kwalbar bakteriya ta sayarwa, na kashe fitilar tankin na fara jira.

Kwana takwas ba abin da ya motsa. Kullum da yamma in ɗibi mil 5 a kwalba, ɗigo takwas na farko, ɗigo takwas na biyu, in girgiza in jira minti biyar, gwajin amoniya kore shar yake fitowa kamar jiya, wato tana nan ba ta ragu ba, na naitirait kuma shuɗi bau, wato sifili. Har na fara zargin ko kwalbar bakteriyar ta mutu a hanya ne, don daga Legas zuwa nan a bayan mota cikin rana komai na iya faruwa. Sai wata rana na tashi sallar asuba na biya ta falo na haska ma'aunin zafi, digiri 19. Ni da nake ganin 25 kullum da yamma. Ashe hitar ce ke shanye batir cikin dare, inbata ta yanke wajen ƙarfe uku, famfo ya tsaya, ruwa ya yi ta sanyi har gari ya waye rana ta fito. Duk wanda ya san Jos a watan Disamba da Janairu ya san abin da nake faɗa, gari ne da ke saman tsauni sama da mita 1,200, sanyin asuba na hunturu har cikin ƙashi yake shiga, su kuma bakteriyar nan ɗumi suke so da iska, in sanyi ya yi sai su yi lamo. Lissafin a fili yake, hita wat 100 in ta yi awa goma tana ci ta sha kilowat guda, batir mai 200Ah kuwa in kana son ya yi maka ƙarko rabinsa kawai za ka taɓa, wajen kilowat 1.2 kenan, ga firiza, ga fitilu. Ranar na nemo farar kumfar nan da ake sako talabijin a kwali na manna a baya da gefe biyu na tankin, na yi masa murfi, da dare in rufa masa bargo, firiza kuma na cire ta daga layin inbata daga ƙarfe goma na dare. Daga nan zafi bai ƙara sauka ƙasa da 24 ba.

Kwana na goma sai ga kiran Alhaji. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, ƙarshen mako zai tashi, manyan kayan tankin ya samu mai saye amma kifayen nan biyu yace shekara uku suna hannunsa, ba zai ba wanda bai sani ba, ni yake so in karɓa. Gabana ya faɗi gaskiya, murna da tsoro a haɗe, don a daren nan amoniyar tankina tana wajen 1.5. Nace ranka ya daɗe tankin fa bai nuna ba. Yace na sani, ba ciki za ka sa su ba, ka nemi roba.

Kuma a nan ne nake so duk mai sha'awar abin nan ya tsaya ya gane, don ni ma sai da zuciya ta raya min cewa ai ruwan ga shi fes, in canza rabi in sa su kawai. Hasken ruwa ba ya nuna komai, amoniya ba ta da launi. Sannan ruwan teku pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa in tsami ya ragu, a sama yake, 8.1 zuwa 8.4, kuma duk sanda pH ya hau, kason amoniyar da ke zama guba tsantsa ƙaruwa yake, shi ya sa adadin da tarwaɗa za ta shanye a kududdufi ko a jikinta, shi kifin teku zai ƙona masa wurin numfashi. In kuma ka sa kifi a babban tankin ka koma canza ruwa kullum don ka cece su, toh ruwan lita 100 kake fama da shi, gishirinka ya ƙare a sati guda.

Na sayi sabuwar robar ajiya mai lita 40 a kasuwar Taminus, wadda sabulu bai taɓa shiga ba, na haɗa ruwa na sa ƙaramar hita mai wat 50 da famfon iska, na jefa guntayen bututun PVC biyu don su samu maɓoya, ba yashi ba komai, don duk abin da ya faɗi ƙasa in gan shi. Asabar da sassafe na kama hanyar Abuja. Alhaji ya riga ya hana su abinci tun kwana biyu don kada su ɓata ruwan leda a hanya. Kowane kifi ledarsa daban, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, muka sa a kula. Sai ya buɗe filtarsa ya ciro wani tsohon soso mai ruwan ƙasa ƙasa, da duwatsu biyu daga cikin tankin, ya sa min a bokiti da ruwan tankin ya rufe su, ya jona ɗan famfon iska mai batir. Yace wannan soson ya fi kifin tsada, kada ya bushe, kada ruwan famfo ya taɓa shi, kada ka ce za ka wanke shi don ka ga datti. Muka biyo ta Keffi da Akwanga, kula na kan cinyata, muna fara hawan Kibo na ji iska ta canza na cire rigar sanyina na lulluɓe ta.

A gida na fara sa ledojin a saman ruwan robar a rufe na minti 20 don zafi ya zo ɗaya, na auna gishirin ruwan ledar, 1.025 daidai da nawa don mun riga mun yi magana da Alhaji, sai na kwashe su da hannu a jiƙe na saka ba tare da na juye ruwan ledar ba. Ba a son kifin da ya yi doguwar tafiya ya daɗe a buɗaɗɗiyar leda, don kana buɗewa pH ke hawa, amoniyar da ta taru ta koma guba. Soson ya shiga roba kusa da iska, duwatsun biyu kuma na jefa su babban tanki su zama iri.

Daga ranar rayuwata ta koma gwaji sau biyu, bayan asuba da bayan isha'i. Soson nan ya taimaka ƙwarai amma shi kaɗai bai isa ya ɗauke kashin kifi biyu ba a farko, kullum sai in ga ɗan kore kore na 0.25, sai in zuƙe lita 10 da tiyo daga ƙasan robar in mayar da sabo. Dokar da na kafa wa kaina ita ce kullum akwai jarka guda haɗaɗɗiya tun jiya, gishiri ya narke sarai, tana ajiye kusa da tanki a naɗe da bargo, in zan zuba in tsoma jarkar a bahon ruwan ɗumi har zafinta ya kai na robar. Abinci sau ɗaya a rana, ƙwaya huɗu huɗu, in tsaya har su cinye. Wani abin da hunturu ya koya min kuma shi ne ƙafewar ruwa, iskar nan busasshiya ce, kwana uku na ga rifiraktomita ta nuna 1.028 a robar alhali ban ƙara gishiri ba. Ruwa ne ke tashi ya bar gishiri a baya. Sai na manna salatif a jikin robar daidai bakin ruwa, duk safiya in cike gurbin da ruwan RO zalla, ba mai gishiri ba, a hankali da kofi.

Daren kwana na shida da zuwansu shi ne wanda ba zan manta ba. Na dawo daga wani aiki a Bukuru a gajiye, har na kwanta ban yi gwajin dare ba, wajen sha ɗaya uwargida ta taɓa ni tace maigida tashi ka duba kifin nan, ban gane musu ba. Na zo na tarar ƙaramin, wato namijin, don a wurinsu macen ce babba, yana can saman ruwa gefen kansa na buɗewa da rufewa da sauri sauri, macen kuma ta lafe a cikin bututu launinta ya dushe. Na haska ƙasan robar, ga abinci nan birjik ya kumbura. Minti biyar ɗin jiran gwajin nan sun yi min tsawo, ya fito 0.5 har yana neman wucewa. Ban tsaya tambayar kowa komai ba, na zuƙe duk abincin da tiyo, na fitar da lita 20, rabin ruwan kenan, uwargida ta ɗora ruwa a gas muka ɗumama jarkar nan a baho, ina riƙe da ma'aunin zafi ita tana riƙe da tocila, muka dinga zubawa da kofi kaɗan kaɗan don kada canjin ya buge su. Na ƙara ƙarfin iska, na ɗiga mil 1 na Seachem Prime da sirinji, wanda shi ne ma'aunin lita 40. Masu maganin sun ce yana ɗaure amoniya na kwana ɗaya zuwa biyu, masu kiwon kifi kuma suna ta muhawara a kai, ni dai na sa shi ne a matsayin ƙari, abin da na dogara da shi fitar da gubar daga ruwan gaba ɗaya. A daren na haɗa wata jarkar. Wajen ƙarfe biyu numfashin ƙaramin ya fara lafawa ya sauko ƙasa, da asuba na ƙara canza lita 15, na hana su abinci kwana biyu cur. Da babu jarkar nan a ajiye ban san yadda daren zai ƙare ba, don gishirin da aka kaɗa yanzu yanzu bai gama narkewa ba shi ma yana ƙona kifi.

Da safe 'yata mai shekara takwas ta zo ta tsaya bakin ƙofa idonta ya cika da hawaye tace Abba ni ce, na ga suna ta zuwa wurina suna buɗe baki na ɗauka yunwa suke ji. Tausayi ne ya sa ta, kuma ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayani ba, kawai cewa nake kar a taɓa. Nace zo nan Mamana, na ɗauko kwalaben gwaji na nuna mata rawaya da kore, na ce mata abincin da ba su ci ba shi ke komawa koren nan. Daga ranar ita ke ƙirga ƙwaya takwas a tafin hannunta ta ba su, ita ke riƙe da littafin da muke rubuta kwanan wata da sakamakon gwaji, kuma ko sau ɗaya ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Bayan kamar kwana goma sha biyu soson ya kama aiki sosai, amoniyar robar ta zauna a sifili, na koma canza ruwa duk bayan kwana uku, abin da ya cece ni kenan don gishirina saura kaɗan ya rage kafin sabon buhu ya iso.

Shi kuwa babban tanki, duwatsun Alhaji da ɗumin da ya samu sun tashe shi. Kwana na 15 kwalbar naitirait ta juya daga shuɗi zuwa shunayya tun kafin in gama girgizawa, kwana na 19 amoniya ta koma rawaya, wato sifili. Sai naitirait ta kafe a sama, sati biyu cif ba ta sauka ba, kuma wannan matakin ya fi na farko cin rai don kana ganin kamar an zo ƙarshe. Na dinga ɗiga amoniya kaɗan duk bayan kwana uku don bakteriya masu cin amoniya kada su rasa abinci, ban cika ba don kada naitirait ta ƙara tashi. Gwajin naitiret a lokacin ja wur yake nunawa, Alhaji yace kada in kula shi, muddin akwai naitirait a ruwa ƙarya yake faɗa. Wasu sun ce min ai a ruwan gishiri naitirait ba ta cika illa ba, kulorayid ɗin da ke cikin gishirin yana tare ta daga shiga jinin kifi, kuma gaskiya ne hakan, amma kifina na zaune lafiya a roba suna cin abinci, kuma amanar mutum ce a hannuna, ban ga dalilin gaggawa ba.

Kwana na 33 Mamana ce ta riƙe kwalbar a jikin farar takarda tace Abba shuɗi ne. Na sake gwadawa, shuɗi ne. Sai jarrabawar ƙarshe, ka zuba amoniya ta kai 2 ppm ka dawo bayan awa 24, in amoniya da naitirait duk sun koma sifili toh tanki ya nuna. Karon farko amoniya ta tafi amma naitirait ta bar 0.25, na ƙara kwana biyu na sake, wannan karon duka biyun sifili, naitiret kuma 40. Kwana na 37 na canza jarka biyu, rabin ruwan, ta sauko 20.

Ranar kwana na 38 bayan la'asar na auna zafi da gishiri a roba da tanki, 25 da 25, 1.025 da 1.025, na kashe fitila na kwaso su a kofi ɗaya bayan ɗaya, soson ma na ɗauke shi ya bi su cikin filta. Macen ta zagaya duwatsun sau ɗaya ta je ta tsaya a kusurwar da hita take, namijin ya bi ta, har yau nan ne wurin kwanansu. Na yi bidiyo na tura Fatakwal, Alhaji ya turo murya yana ta sa albarka. Satin da ya biyo baya wata ƙura ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, dayatom ce, sabon tanki kan yi ta kuma da kanta take raguwa, gilashin gaba kawai nake gogewa. Na ci gaba da gwaji kullum har sati biyu, yanzu sau ɗaya a sati ne ranar Juma'a, da canjin lita 10. Robar na wanke ta da ruwa zalla na shanya na ajiye da hitarta, don duk kifin da zai ƙara shigowa gidan nan sai ya yi sati huɗu a cikinta tukuna, kuma na sa wani sabon soso a bayan filta tun yanzu yana kama bakteriya saboda ranar.